Ƙas-ƙas a Motar Habbanaye

Ka taɓa ganin mutum ya kafa sandar kiwo a kan injin mota, ya manna ɗaya bakin a bayan kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron huɗuba? In ba ka taɓa gani ba, to ba ka san Illo ɗan Bube ba, wanda ya yi shekaru yana jan wata tsohuwar bashe tsakanin Tasawa, Mayahi da Isawan. Bashe ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfol, wadda ake loda wa mutane da buhuna da awaki a haɗe. Ni na san shi sarai, don a lokacin fatun awaki nake saye kasuwa-kasuwa, kuma kujerar gaba ta motar nan tawa ce duk sati. Sunana Alƙasim. Ba na iya zama ban ƙirga wani abu ba, ko fatu, ko kawunan fasinja, ko ramukan hanya, kuma wannan hali nawa ya yi wa Illo rana fiye da sau ɗaya, kamar yadda za ka ji.

Illo ba direba aka haife shi ba. A ruga aka haife shi, arewa da Mayahi, can wajen Isawan, kuma har ya yi aure ya haifi 'ya'ya bai san wani aiki ba sai bin shanu. Farin shekarar tamanin da huɗu ne ya sauya masa hanya. Shanu sittin da ɗaya ya kora kudu neman ciyawa, huɗu daga ciki na matarsa Bintu ne, waɗanda ta zo da su daga gidan ubanta. Da ya dawo, sanda kawai ya dawo da ita. Ya sauke iyalinsa a gefen Tasawa, Bintu ta koma dama garin madara na taimako tana sayarwa a matsayin nono, shi kuma ya shiga tasha neman dako.

A tashar nan akwai Jatau, mutumin Maijirgi, tsohon direba. Shi ne mai bashen, kuma ya girme ta da kaɗan ne a aikin hanya. Farar yana ta rufe masa ido har ya daina bambanta jaki da tudun yashi, sai ya kafa rumfa yana sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe, motar na bayan rumfar tana shan rana. Goro ba ya barin bakinsa daga safe har magariba. Kakarsa ta wajen uwa Babarbariya ce, saboda haka duk Bafillacen da ya gifta abokin wasansa ne, sai ya tsokane shi ko da bai san sunansa ba. Ranar da ya ji muryar Illo yana cinikin ɗaukar buhu, sai ya tambaye shi ɗan wane ne. Da ya ji sunan Bube sai ya bar tsokanar, abin da ba halinsa ba. A farin farko, na saba'in da uku, Buben nan ne ya ɗaura wa uwar Jatau saniya mai nono, da ita ƙannensa suka rayu.

Jatau na so ya ba shi motar, amma ya san in ya ce kyauta, Illo zai tashi ya bar wurin. In ya ce sadaka, ba zai sake bi ta gaban rumfar ba. Sai ya ce habbanaye.

Wanda bai zauna da Fulani ba, ga yadda abin yake. In dukiyarka ta ƙare, wani ya ɗaura maka saniya, wato ya ba ka ka riƙe. Ka sha nononta, ta haihu sau uku, 'yan maruƙan naka ne, sannan ka mai da uwar ga mai ita. Ba a biyan komai. Abu ɗaya ne a wuyanka: ka mai da ita lafiya lau, a gaban mutane. Wanda ya mai da saniyar habbanaye tana tari ko tana ɗingishi ya zubar da sunan ubansa, kuma ba shi ba sake samun mai ɗaura masa ko akuya. To haka Jatau ya tara sarkin tasha da wasu dattawa, ya ce ga saniyarsa mai taya huɗu ya ɗaura wa ɗan Bube. Duk karsanar da Illo ya saya da abin da motar ta samo, haihuwa ɗaya ke nan. In an yi uku, a maido. Mutane suka yi dariya, Illo bai yi ba. Ya zagaya motar, ya shafa mata kapo, murfin nan na gaba, kamar mai duba tozo, ya ce ya karɓa.

Koyon tuƙin kansa abin kallo ne. A fako bayan gari Jatau ya koya masa, yana zaune gefe ba ya ganin komai sai dai ya ji. An ce a makon farko in Illo yana son motar ta tsaya sai ya yi mata irin kiran da ake wa shanu, ya manta da birki, har suka shiga shingen wani mai rogo. Amma ya iya, ya je Maraɗi ya samo parmi, takardar izinin tuƙi. Gyara kuma a hannun Jatau ya koya, wanda da yatsu yake gani. Ya koya masa gyara tazarar sufaf, ƙarafan nan takwas da ke buɗewa suna rufewa a saman inji, da reza: ɗaya ga masu shaƙa, biyu ga masu fitarwa. Ya koya masa sauraron inji da dogon ƙarfe a kunne, Illo ya ga sandarsa ta fi, don ta fi tsawo, rawaninsa ba ya kusantar fanka. Abu ɗaya ne Illo ya ƙi ɗauka. Jatau in ya kwance noti, a baki yake sa shi, don in ya faɗi cikin yashi ba shi da idon nemansa. Illo ya ce shi bakinsa ba kwandon maƙeri ba ne, a malafa yake zuba nasa.

Shekarun nan ba su da sauƙi. Soja ke mulki, kowace mararraba da shingen jandarma, kuma an yi wani dogon lokaci iyakar ƙasa tana rufe, kayan gyara ba sa shigowa. Da waya da tsohuwar roba Illo ya riƙe motar. Ya ɗauki jar dawa ta taimako, ya ɗauki masu komawa gida bayan yunwa, ya ɗauki iri da damina ta dawo. Karsana ta farko ya saya a Mayahi, ta biyu a Korgom. Cikin bazarar tamanin da bakwai ya sayi ta uku, ja mai farin goshi, kuma tun a hanyar dawowa ya gaya mini kasuwar Tasawa mai zuwa zai mai da mota.

Na ƙirga masa a take: karsana uku, ɗaya ce kawai ta haihu, baki bakwai a gida. Na ce lissafin bai fita ba. Ya ce ba lissafi aka yi a gaban sarkin tasha ba, magana aka yi. Bintu ma ta faɗa masa nata sau ɗaya, da ta ga ya ɗaure fuska ta koma kan ƙwaryarta ba ta ƙara ba. Na lura dai shirun nata bai yi kama da na wadda ta haƙura ba.

Ranar kasuwa Illo ya wanke mota tun da hantsi, ya goge kwanon taya ɗaya tilo da ya rage mata, wanda Jatau ke alfahari da shi, ya ajiye ta inda ya saba, bayan rumfar. Ya tafi kara ya ga shanu, ya yi azahar, ya kira shaidu. Abin da ya rage shi ne ya zagayo da ita gaban rumfa ya miƙa makulli. Yana tayarwa ya fara tafiya, sai muka ji: ƙas, ƙas, ƙas.

Ya tsaya, ƙarar ta tsaya. Ya motsa, ta dawo. Jatau daga kan bencinsa ya karkata kunne, ya tambayi jama'a ko saniyarsa ce ke tari haka. Illo ya sauko fuskarsa kamar an yi masa rasuwa, ya ba dattawa haƙuri, ya ce ba zai mai da ita a haka ba, a ba shi zuwa kasuwa ta gaba. Jatau ya ce shi ba ya sauri, a yi mata magani a hankali.

Wannan ta farko ba ta ba mu wuya ba. Muka fita bayan gari, Illo ya sa ni na bi motar a ƙasa tana tafiyar hawainiya. Na yi wa taya alama da gawayi, na ƙirga: duk juyi ɗaya, ƙara ɗaya. Illo ya ce to ba ciki ba ne, ƙafa ce. Abin da ke bin juyin taya, a taya yake. Muka ɓalle kwanon nan, sai ga ƙwallon aduwa ya faɗo. Muka dube shi, muka dubi juna. Na ce aikin yaran tasha ne. Illo ya jefar da shi, ya ce Allah ya shirye su.

Kasuwa ta zagayo, aka sake wanke mota, aka sake kiran shaidu. Wannan karon tun tana tsaye, yana murɗa makulli, ƙarar ta tashi, siririya mai sauri, kamar ana jan kara a jikin darni. Sarkin tasha ya ce shi fa yana da aiki. Jatau ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce tsufa ne, shi ma haka gwiwoyinsa suke yi, Illo ya ci gaba da riƙe ta har ta warke, ko da shekara ce.

Muka sake fita. Illo ya taka totur, ƙarar ta ƙara sauri, ya saki, ta ragu. Tun da mota na tsaye, ba taya ba ce. Sai ya kashe inji, ya cire robar da ke juya fanka, ya tayar na ɗan lokaci. Shiru, sai gurnanin da muka saba ji. Ya ce to ba ita kanta ba ce, abin da robar ke ja ne. Ya zura hannu bayan fanka, ya fito da bakin wata waya, ɗaya daga cikin ɗaurin da shi da kansa ya yi shekarun baya, ta lanƙwaso tana shafar fiffike. Waya takan lanƙwashe, wannan ba abin mamaki ba ne. Illo dai ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya mai da ita wurinta.

Ta uku ce ta tayar masa da hankali. An sake taruwa, shaidun sun ragu don wasu sun gaji, ya tayar da mota, sai ga ƙas-ƙas mai kaifi daga cikin injin kansa. Ya cire robar fanka a gaban kowa, ƙarar na nan. Wani direban Damagaram da ke shan shayi a gefe ya ce shi in an tambaye shi biyel ce, ƙarfen nan na can ƙasan inji, kuma in ita ce sai dai a yi wa motar addu'a. In motar ta mutu a hannunsa ana saura taki ɗaya ya mai da ita, duk shekarun nan na riƙon amana sun tashi a banza, kuma abin da za a riƙa faɗi daga Tasawa har Isawan shi ne ɗan Bube ya tatse saniyar makaho ya mai da masa gawa. A cikin mutane kuma an fara ƙus-ƙus cewa wataƙila shi ke ƙirƙiro ciwon don kada ya rabu da mota. Wannan ta fi yi masa zafi, don har kunnensa ta kai.

Muka lallaɓa da ita zuwa Mayahi a hankali, ba mu ɗauki kaya mai nauyi ba. Washegari da safe, inji ya huce, ya kai ta ƙarƙashin wani gawo ya tayar, ya ɗauko sanda. Ya fara daga ƙasa, ya kafa ta a cikin inji inda biyel take, ya saurara. Ya ce nan lafiya, ciwon ciki nauyi gare shi, kamar ana daka a gida na uku, wannan kuwa ƙarar haƙori ce. Ya hau sama, ya bi murfin sufaf daga baya zuwa gaba, taki-taki, yana matsar da bakin sandar. Can kusa da gaba ya tsaya, ya miƙo mini. Na sa a bayan kunne, sai na ji kamar a cikin kaina ake ƙwanƙwasawa. Ya ɗiga farar toka a kan ƙarfen da ke juya robar, ya rage wutar inji iya raguwa, ya ce in gwada ƙarar da juyin. Ido ba ya iya bin sa sosai, amma na yi ta gwadawa har na tabbata ƙarar ba ta kai juyin yawa ba, kamar rabinsa take. Illo ya ce haka Jatau ya koya masa: abin da ke bugawa sau ɗaya a juyi biyu, a sama yake, wajen sufaf. Ya sauke ajiyar zuciya, ya kashe inji.

Ya ɗauko kile, wato sifana, ya kwance notin murfin, yana zubawa a malafa. Ya ɗaga murfi ya bi su da yatsa. Ta uku daga gaba tana lilo. Inda reza ɗaya ko biyu ya kamata ta shiga, na jera biyar suka shige. Na ce to alhamdu lillahi, a ɗaure mu tafi. Shi kuwa malafar yake kallo. Ya ɗauki noti ɗaya ya ɗaga shi a rana, ya kai hanci, sannan ya miƙo mini. A cikin zaren notin akwai wani abu ja da ya bushe, ba tsatsa ba, ba mai ba. Na duba sauran, duk haka suke.

Goro ne.

Illo ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, kafaɗunsa na rawa, dariya yake ba sauti. Da ya gama ya share ido, ya ce wato makahon nan, da rana tsaka, kasuwa na ci, ya shiga ƙarƙashin kapo ya kwance masa sufaf, kuma ko kurkure baki bai yi ba. Na ce mu je mu faɗa masa mun gane. Ya ce a'a. Babarbare ya sa shi zufa har sau uku a gaban mutane, ba za a rufe maganar a bayan rumfa ba. Ya mai da murfin bai gyara komai ba, ya canja noti ɗaya da wani daga aljihun mota, ya ɗaure mai goron a bakin rawani. Ya ce in zo ranar kasuwa da igiyar da nake auna fatu, kuma in riƙe bakina.

Ranar ta zo. Illo ya shigo tasha da motar tana ƙas-ƙas, bai kai ta bayan rumfa ba, a gaba ya tsayar da ita. Ya bi shaidu ɗaya-ɗaya ya roƙe su, ya ce yau ce ta ƙarshe. Aka taru fiye da kullum. Bintu ma ta kawo ƙwaryar nononta ta zauna kusa da rumfar, inda ba nan ta saba zama ba.

Illo ya durƙusa gaban Jatau, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya yi iya yinsa, direban Damagaram ya yi gaskiya, ciwon a ciki yake, ba ta tashi. Jatau ya ce ba komai, ya ci gaba da riƙewa yana lallashinta. Illo ya ce ai al'ada ba ta ce haka ba. Saniyar habbanaye in ta kwanta ba ta tashi, ba a barin ta ta zama mushe. Yanka ta ake yi tun da sauran rai, a kai wa mai ita nama da fata. Ya riga ya yi magana da masu farfasa motoci na Maraɗi, suna tafe bayan la'asar, shi zai fara fiɗa kafin su iso.

Goron da ke bakin Jatau ya tsaya.

Illo ya hau ya kwance tamfol, muka sauke shi, na shimfiɗa a ƙasa na shiga aunawa da igiya, ina faɗin tsawo da faɗi da ƙarfi, ina ƙirga huji kamar yadda nake wa fatar bunsuru. Na ce fatar ta sha wuya amma za ta yi rumfa. Illo ya ɓalle kwanon taya ya ɗora wa Jatau a cinya, ya ce ga ƙoda, mai dabba ake ba. Jatau ya shafa kwanon, ya ce a dakata tukuna, ba a gaggawa da irin wannan, a bar ta ta huta ko wata guda. Illo ya ce ranta zai fita kafin nan. Ya cire madubi ya kawo. Ya cire batir ya kawo, ya ajiye masa a gaban ƙafa. Jatau ya ce a nemo wani makanike ya sake dubawa, Illo ya ce wane makanike ne ya fi wanda Jatau ya koyar. Sannan ya ɗaga murya ya ce a ara masa babban kile da guduma, zai fara sauke inji.

Wani ya miƙo guduma. Illo ya ɗan buga ta a jikin ƙarfe, don a ji.

«Kai Bafillace, aje gudumar nan,» in ji Jatau, ya miƙe har kwanon ya faɗi. «Ba biyel ba ce. Sufaf ce, ta ukku daga gaba. Juyi guda za ka yi mata ta yi shiru.»

Kowa a tashar ya juyo ya dube shi.

«Ikon Allah,» in ji Illo. «Daga nan inda kake zaune, inji a kashe, ka ji ta ukku ce?»

Ya kwance bakin rawani ya fito da notin, ya miƙa wa sarkin tasha. «Ranka ya daɗe, duba mini wanga. Ni baƙo ne a aikin mota. Yaushe suka fara cin goro?»

Sarkin tasha ya duba, ya sansana, ya miƙa wa na kusa da shi. Notin ya zagaya hannu-hannu, dariya na bin sa, har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo gani. Jatau ya tsaya a tsakiya, ya ce duk Fulani ɓarayin nono ne, kuma wannan ya fi su, tun da ya saci ilimin ubangidansa ya kama shi da shi. Illo ya tambaye shi aduwar fa, da wayar. Ya ce aduwa tasa ce, waya ma tasa ce, kuma da an ba shi wata kasuwar da buji, wato fulogi, zai taɓa.

Da dariya ta lafa sai ya koma ya zauna, ya yi magana ba wasa. «Karsana ukku ba su ci da gida, Illo. Na sani, kai ma ka sani. Ni kuma in ka ba ni ita, mi zan yi da ita? In zauna in ji tana ruɓewa a bayana?»

Illo ya ce ya ji, amma magana uku aka yi, uku kuma sun cika. Ya mai da batir, ya buɗe murfi, ya sa reza ya ɗaure ta ukun, ya bi sauran bakwai ya tabbatar. Muka mai da tamfol da madubi da kwano. Ya tayar. Injin ya yi ta gurnani sumul, ba ƙas ko ɗaya. Ya kafa sandarsa a kai, ya kamo hannun Jatau ya sa masa bakin a bayan kunne. Tsohon ya daɗe yana saurare, ya ce ba laifi, ga aikin Bafillace. Illo ya kashe, ya zare makulli, ya sa masa a tafin hannu da hannu biyu.

Jatau ya tambayi shaidu ko an maido. Suka ce an maido. Ya tambaya ko lafiya lau. Suka ce lafiya lau, kowa ya ji. Ya tambaya ko yanzu tasa ce, yana iya ɗaura wa wanda ya ga dama. Sarkin tasha ya ce wannan ba mai musu.

«To ina Bintu?» in ji shi. «An ce mini shanu huɗu nata suka tafi kudu ba su dawo ba, kuma har yau ba wanda ya ɗaura mata ko tunkiya.»

Bintu ta taso ba gaggawa. Abin da na lura da shi, don ni mai lura ne, ta riga ta kwance bakin zanenta inda za ta ɗaure makullin tun kafin a kira sunanta. Ta durƙusa ta karɓa, ta yi godiya, ta ƙulle. Illo ya buɗe baki zai yi magana, ya waiwayi wasu dattawan Fulani biyu da ke cikin taron. Suka yi shawara gajeriya, suka ce mace na da dukiyarta, ana ɗaura mata, ba su ga inda aka karya al'ada ba.

Bintu ta gyara ɗaurin zane, ta dubi sarkin tasha, ba mijinta ba. Ta ce yanzu direba take nema, ta ji an ce akwai wani da ya rasa aiki yau ɗin nan, a tambayar mata shi ko yana da parmi.

Wanda ya riƙa tsaron hanya lokacin da makaho ke ƙarƙashin kapo da kile a hannu, har yau ba a faɗa ba, Illo kuma bai tambaya ba. Ya ja wa matarsa mota har ita ma ta haifa mata uku, kuma duk wanda ya ce masa direban Bintu sai ya amsa. Da aka zo mai da ita karo na biyu, shi da kansa ya kwana biyu yana gadinta, bai bari ta kusanci rumfar Jatau ba sai da shaidu suka taru. Garkensu ya taru kaɗan-kaɗan, suka koma wajen Isawan, Illo ya koma bin shanu da sandar nan dai. Bashen ta yi wa wasu mutum biyu habbanaye bayansu kafin ta kwanta da gaske, kuma ƙafafunta na baya suna ƙarƙashin wani amalanken jaki a Maijirgi.

In tsohuwar motarka ta fara ƙas-ƙas, kada ka yi saurin kiran masu guduma. Tsayar da ita ka ji ko ƙarar ta tsaya. In ba ta tsaya ba, kashe inji ka cire robar fanka, ka tayar na ɗan lokaci ka ji. In tana nan, nemo busasshiyar sanda mai tsawo, ka tattare rigarka nesa da fanka, ka kafa baki ɗaya a inji, ɗaya a bayan kunne, ka bi daga ƙasa zuwa sama har ƙarar ta shigo kanka. Gwada ka ji da kunnenka. In ka kai ga kwance noti kuma, ɗaga shi a rana ka duba shi da kyau kafin ka ɗora wa motar laifi.